Ba Furar Zulai Ba Ce

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da yake na san ba amsawa za ka yi ba, takardar nan ma ba karanta ta za ka yi ba. Da ranka ma ba ka karanta boko, balle yanzu da ka shekara goma sha ɗaya a ƙasa. To amma magana ce ta cika mini ciki, kuma kai ya kamata ka ji ta, ba yara ba. Na karɓi wani tsohon kaye, littafin rubutun ƴan makaranta, a wurin ɗanmu Laminu na zauna gindin dogon yaron nan na tsakar gida. Rubutun na yaƙi da jahilci ne, wanda ka yi ta yi mini dariya a kansa, wai tsohuwa da allo. A karkace yake, ka yi haƙuri da shi.

Ga maganar a gajarce. Ba Zulai ce ta kashe ka ba. Ƙanwarka ba ta sa maka komai a fura ba. Ni na faɗa, a gaban mutane na faɗa, shekara goma sha ɗaya tana ɗauke da abin a kanta, kuma ƙarya ne. Kai ina jin ka sani tun ranar. Ni sai bana na yarda, sai da aka kai ni har Yamai aka nuna mini cikin zuciyar ɗanka a tele, kamar masu kallon ƙwallo.

Bari in tuna maka yadda aka yi, don na san halinka, yanzu ka ce ba haka ba ne. Kaka ce, an gama yankan gero. Ka hau kabukabu ka tafi Gaffati kan maganar gonar babanku, wadda kai kake son a sayar, ita Zulai ta ce sai dai bayan ranta. Kun yi sati uku ko gaisuwa ba kwa yi. Ka dawo bayan azahar, ka shigo zaure kana dafa bango. Rigarka sharkaf kamar an tsamo ka daga tafki. Fuskarka ta yi toka-toka. Ka ce kamar an ɗora maka dutsen niƙa a ƙirji, hannun hagu ya mutu, har haƙoranka na ƙasa suna ciwo. Ka yi amai sau biyu. Na tambaye ka me ka ci, ka ce ba komai sai furar Zulai. Na ce a kira mota, ka ce a bari ya lafa, kada a tara maka mutane. Kafin a kira magariba ka tafi.

To me kake so in ce? Mutum ya fita da ƙafarsa, ya sha furar wadda suke rigima da ita, ya dawo ya mutu. Ranar sadakar uku Zulai ta shigo da ƙwarya a kai, mata cike da tsakar gida. Daga kan tabarmar takaba na ce a fita da ƙwaryar nan, gidan nan an sha furarta sau ɗaya, ya isa. Ba ma da ƙarfi na faɗa ba. Kafin sadakar bakwai maganar ta cika Gaffati, ta kai har Tirmini. Ka san da furar nan take ciyar da kanta tun da mijinta ya rasu. Ranar kasuwa kafin azahar ta ga ƙasan ƙwaryarta. Sai aka daina saye. Ba wanda ya ce mata komai, wucewa kawai ake yi. In ta kai kwano gidan suna, a karɓa a yi godiya, a zagaya a zuba wa awaki. Duk ana kawo mini labari, ina cewa alhaki ne ke bin ta.

Yanzu ga abin da ya faru. Laminu, ɗanka, wanda ya gado ka tun daga tafiya har taurin kai, har yanzu mushe ne, yana koyar da yara boko a lakwal. Ya yi furfura, ya ajiye tumbi. Tabar da kake tsammanin ya bari bai bari ba, bayan katangar lakwal yake laɓewa ya sha, ƙato da shi. Bayan Sallar layya Rabi matarsa ta tafi Dakusa jinyar uwarta, don haka kwana huɗu daga tukunyata yake ci. Ranar Litinin ya ɗauki azumi. Da ɗumamen tuwona ya yi sahur, tuwon da na tuƙa da hannuna, miyar da na kaɗa da hannuna, ko ruwan da ya kora da shi daga randata ne. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Da hantsi sai ga shi an kawo shi a kabukabu, wani abokin aikinsa yana tallafe da shi ta baya. Malam, kai na gani. Zufar nan, tokar fuskar nan, hannu dafe da ƙirji. Ya ce kamar an ɗora masa dutse. Ya yi yunƙurin amai, ba abin da ya fito. Sannan ya faɗi abin da ya sa na kusa marin sa a gaban baƙo. Wai in jiƙa masa kanwa, ƙwannafi ne kawai, zai karya azumin ya sha, kuma don Allah kada in tara masa mutane. Maganarka, ko kalma ɗaya bai rage ba. Ku wane irin mutane ne? Wa ya gaya muku faɗin ciwo zubar da girma ne? A ina kuke koyon abin nan, a zaure ko a masallaci?

Na kuwa tara masa mutanen. Na fita ƙofar gida ko lulluɓi babu, na yi ta kururuwa har mai shayi ya bar shayinsa. Aka tare adaidaita aka jefa shi ciki, yana ta cewa Inna kin ba ni kunya. Na ce ya ji kunyar, mai rai ne yake jin ta.

A asibitin nan Damagaram suka manna masa wasu abubuwa a ƙirji masu wayoyi, wani inji ya fito da takarda mai zane kamar haƙoran zarto. Suka ɗebi jini. Likitan ya ce hanyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe. Aka yi masa allurai, aka ba shi ƙwayoyin tsinka jini, ciwon ya lafa amma bai tafi ba, yana zuwa yana komawa. Likitan ya ce takardarsa ta nuna akwai toshiya, amma ba ta nuna masa ita da ido ba, ganin ta da buɗe ta sai Yamai. Ka san abin da ɗanka ya ce? Wai ya ji sauƙi, yara suna da jarrabawa, a bari sai an yi hutu. Ban taɓa faɗa wa ɗana irin maganar nan ba sai ranar. Na ce in bai shiga ambilans ɗin nan ba, ban yafe masa nonon da ya sha ba. Ya shiga.

Ba zan ba ka labarin hanya ba. Ni da ban taɓa wuce Maraɗi ba, na yi yini guda cur da ƙari a kan ɗan benci, gwiwa ta kumbura kamar kabewa. Duk ramin da mota ta faɗa sai in dubi hancinsa in ga ko yana numfashi.

Likitar da ta karɓe mu a Yamai mace ce, ƙarama, ba ta kai Rabi ba. Hausarta irin ta mutanen yamma, sai na kasa kunne sosai. Ta ce za su huda wuyan hannunsa, su zura wata siririyar waya mai rami ta cikin jijiya har ta kai bakin zuciya, su tura wani ruwa wanda yake fitowa baƙi a hoto. Inda ruwan ya bi, hanya a buɗe take. Inda ya tsaya, nan ɓarnar take. Kuma wai idonsa biyu za a yi, yana ji yana gani. Na ce ƴata, daga hannu akwai hanya zuwa zuciya? Ta ce akwai, Inna. Shekara saba'in ina yawo da hannu, ban sani ba.

Ba su bar ni na shiga ba. Na zauna a waje da carbi, ban san abin da nake ja ba. Da suka gama ta fito ta ce an dace, ta ja ni wani ɗan ɗaki ta juyo mini da tele.

Da farko ban ga komai ba, toka-toka kawai, da wata inuwa tana motsi, tana matsewa tana saki. Ta ce zuciyar Laminu ke nan. Sai ga baƙin ruwan ya shigo. Malam, ka san yadda ruwan farko yake bin ƙoramu a gona, babba ta rabu biyu, biyun su rabu, har su zama ƙanana kamar zare? Haka ya bazu. Reshe ɗaya ya bi shi har ƙarshe. Na biyu ma haka. Na uku ya tafi, ya tafi, sai ya ci karo da wani ɗan abu fari-fari a tsakiyar hanya. Ruwan ya matse ta gefensa, siriri, da ƙyar, bayan nan kusan babu komai. Ta ɗora bakin alƙalami a wurin ta ce ga shi nan, gudan jini ne. Ta ce kitse ne ya daɗe yana taruwa a bangon jijiyar, shekara da shekaru, kamar yadda bututun famfo yake cushewa. Ranar Litinin wurin ya tsage, jini ya daskare a kai, ya rufe hanya. Naman zuciyar da ke bayan wurin ya rasa jini, shi ne dutsen da yake ji a ƙirji.

Na tambaye ta girmansa. Ta ce bai fi ƙwayar dawa biyu ba. Ƙwayar dawa biyu, Malam. Abin da kaza za ta tsince ba ta ma san ta ci ba.

Sannan ta nuna mini na bayan aiki. Sun tura wani ɗan abu ya buɗa wurin, sun bar masa ɗan ƙarfe kamar raga a ciki, rasor suke ce masa, don kada ya koma ya rufe. Baƙin ruwan ya zo, ya wuce fuu har ƙarshen reshen. Sau huɗu na sa ta maimaita mini. Ba ta gaji ba, Allah Ya yi mata albarka.

Daga nan na tambaye ta abin da ya cika mini baki tun Damagaram. Na ce abin da mutum ya ci ko ya sha da rana yana iya kawo wannan kafin yamma? In an sa masa wani abu fa? Ta dube ni. Na ba ta labarinka tun daga dafa bango har ƙarshe, sunan Zulai kawai na ɓoye. Ta ce ita ba za ta rantse a kan mutumin da ba ta gani ba, tunda ba a yi maka hoto ba. Amma wai da ɗalibinta za a ba wannan labarin ya ce wani abu ne ba zuciya ba, da ta kore shi daga aji. Ta ce kuma abin yana bin gida, uba ya ba ɗa. Sai ta tambaye ni, kafin ranar, ba ka taɓa tsayawa a hanya kana dafe ƙirji ba? In ka hau tudu, ko ka ɗauki kaya?

Na ce mata ban lura ba. Ƙarya na yi mata. Kai ba zan yi maka ba.

Na lura. Wata biyu kafin ka mutu na lura. Ɗan hawan nan na tsakanin duwatsu, in za ka masallaci, kullum sai ka tsaya a wuri ɗaya ka duƙa kamar kana gyara takalmi. Daga ƙofar gida nake hangen ka. Kai baduku, takalmin da ka ɗinka da hannunka, shi ne zai riƙa kwancewa kullum a gindin dutse ɗaya? Wa kake ruɗi? Ka daina ɗauko fatu daga majema da kanka, ka ce wai girma ya zo. Tuwo in ka ci rabi sai ka ture kwano ka ce ƙwannafi. Ni kuma na biye maka. Ni na jiƙa maka kanwa, safe da yamma. Ni na aika aka kira Wanzam Idi ya zo ya yi maka ƙaho a baya da ƙirji. Ka tuna ya juye baƙin jinin nan a ƙasa ya nuna mana da tsinke, ya ce ga mataccen jinin da ke damun ka, an rabu da shi? Muka yi murna, har goro na ƙara masa. Ashe rabin gaskiya ya faɗa. Mataccen jini ne, amma yana can inda ƙaho ba ya kaiwa. Ya rasu bara waccan, in kun haɗu ka gaya masa.

To ka ji abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da ka shigo kana dafa bango, tun kafin ka yi aman farko, wani abu a raina ya ce ciwon nan ne na gindin dutse. Amma in shi ne, to ni ce na gani wata biyu na yi shiru, na ba ka kanwa. Da ka ce furar Zulai, sai na kama maganar da hannu biyu. Ta fi sauƙin ɗauka. Na yi ta maimaita wa kaina har na yarda, har in na tuna fuskarta zuciyata tana tafasa da gaske.

Yanzu koma kan tuwon da na ce ka riƙe. Da Laminu ya mutu ranar Litinin ɗin nan, Rabi ta dawo daga Dakusa ta tambaya me ya ci na ƙarshe, me za a ce mata? Tuwon uwarsa. Da ta tashi a tsakar gidan nan ta ce a fita da tukunyata, da wane baki zan ce ta yi mini sharri? A ɗan ɗakin likitar nan abin ya faɗo mini, ina kallon tele, har sai da ta miƙo mini ruwa.

Kada ka ga na faɗi nawa ka ɗauka kai ka fita. Kai ma da naka, babba. Shekara talatin da takwas muna ɗaki ɗaya. Kana iya gaya mini gishiri ya yi yawa, kana iya gaya mini na bar akuya ta ci maka fata, amma ba ka iya buɗe baki ka ce Hajara, ƙirjina yana ciwo in na hau tudu. Me ka ɗauka zan yi? In yi maka dariya? In kai ka kasuwa? Ban ce da ka faɗa da ka rayu ba. Lokacin ban ma san ko akwai injin nan a ƙasar ba, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma da ka mutu da ciwo mai suna, wanda kowa ya san kana da shi. Da ba a rataya wa kowa ba. Ka tafi da dauriyarka cikin mutunci, an yi ta cewa Malam bai taɓa kwanciya ciwo ba, ka bar mata biyu da wuta.

Laminu ya tashi. Yana gida, ya koma lakwal ma, yana shan ƙwayoyi safe da yamma, wai har ƙarshen ransa. Saboda tabar nan, Rabi tana lalube aljihunsa, ni ina shinshina rigarsa. An hana shi kilishi mai kitse da soye-soye, yana ta ƙunƙuni kamar an yi masa mutuwa. Rumfarka ta bakin kasuwa kuma wani mai gyaran talho, wayar hannun nan, shi ne a ciki yanzu, in kana son sani. Famfo har yau sai ya ga dama yake kawo ruwa.

Kafin mu baro Yamai na roƙi likitar ta fitar mini da hoton a takarda, wanda gudan yake ciki. Na naɗe shi a ɗan kwali na sa a ƙasan jaka. Dabarata ke nan: in je Gaffati, in miƙa wa Zulai, hoto ya yi magana, ni in tsira da cewa ashe haka abin yake. Sati biyu ina ɗaga tafiyar. Yau gwiwa, gobe rana ta yi zafi. Daga baya na ji kunyar kaina na shiga mota ni kaɗai.

Katangar gidan ta zube ta gabas, an tare da zana. Na same ta a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa, Malam, ta fi ni tsufa, alhali na girme ta. Tun daga sallama ta gane muryata. Ba ta tashi ba. Ta ce lale da matar Yaya, wa ya mutu? Don ta san in ba mutuwa ba, ba abin da zai kawo ni. Na ce ba wanda ya mutu, Laminu ne ya kusa. Gyaɗar ta zube daga hannunta. Ka tuna a wurinta aka yaye shi, wata biyu yana bayanta. Ba wanda ya gaya mata yana ciwo. Wa zai gaya mata? Ni na yanke hanyar.

Na zaro takardar na miƙa mata, ina ta zuba kamar ni ce likitar, ga jijiya nan, ga inda ruwa ya tsaya, ga gudan. Ta karɓa ta shafa, ta juya bayanta ta shafa. Sai a lokacin na dubi idonta da kyau. Yanar ido ta rufe su duka biyu, fari fat. Da lalube take ɓarar gyaɗar. Ta miƙo mini takardata. Ta ce ita ba ta gani, kuma ko da tana gani, ba ta bukatar hoto kafin ta san ba ta kashe ɗan'uwanta ba. Ni ce mai bukatar sa, in riƙe abina.

Ita ta ci gaba. Ta ce ba kasuwar da ta mutu ce ta fi ƙona ta ba. Wai ranar nan da ka je, kun shirya. Ka ce mata ka fasa sayar da gonar, ta ci gaba da nomanta. Kuka zauna kuka yi ta dariyar yadda babanku yake korar ku daga gindin magarya. Don murna ta aika aka samo nono mai kyau ta dama maka. Ta ga kana zufa tun kafin ka kai ludayi baki, ta ce ka kwanta ka huta sai la'asar, ka ce ba komai, zafi ne. Da aka aiko mata ka rasu, ta taho da ƙwaryarta don ta yi kukan yayanta cikin dangi, aka kore ta kamar mayya. Ta ce har yau ba ta yi kukan nan ba, yana nan inda yake.

Malam, ko wannan ba ka iya faɗa ba? Ka sami bakin cewa kada a tara maka mutane. Ka sami bakin cewa furar Zulai. Kalma biyu, mun shirya, su ne suka fi ƙarfinka? Wallahi da kana kusa ranar nan a Gaffati, da ka ji abin da ba ka taɓa ji daga bakina ba.

Na ce mata ta yafe mini. Ta ce a tsakar gidanmu na Birni aka ɗaura mata abin nan, gaban mata, can za a kwance shi. Ba a lungu ba, inda shaidu sai awaki.

Juma'ar da ta wuce muka yi sadakar tashin Laminu. Na sa ya aika mota ta ɗauko ta. Mata sun cika gida, ko da yake rabin waɗanda suka ji maganar farko suna can wajenku, ba yadda zan yi in kai musu gyara. Da aka gama addu'a na dafa turmi na miƙe. Na ce ni Hajara na yi wa Zulai ƙazafi. Na ce ciwon zuciya ne ya kashe mijina, irin wanda ya kusa kashe ɗana, na ga alamarsa wata biyu na yi shiru, da ya mutu na ɗora wa wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Na ce duk wadda ta taɓa zubar da furarta saboda maganata, alhakin yana wuyana. Wata maƙwabciyarmu, ka san ta, mai baki ɗin nan, ta fara cewa ai abin ya wuce, a yi haƙuri, sharrin Shaiɗan ne. Na ce ta yi mini shiru, ba Shaiɗan ne ya hau mota ya kai maganar Tirmini ba.

Kowa ya juya yana kallon Zulai. Sannan ta ce ta ji. Shi ke nan. Ba ta ce ta yafe ba. Ta ce a kawo mata Laminu. Ya durƙusa a gabanta, ta kama hannunsa tana laluben inda aka huda, ta shafa kansa ta ce yaushe ya yi sanƙo. A nan kukan ya zo mata. Ta yi shi, ta yi shi, tana kiran Yaya, kamar yau aka fita da kai. Ba wadda ta ce ta yi haƙuri. Na hana.

Ta kwana biyu a ɗakina. Mun yi hirar gwiwa da tsadar gero da waɗanda suka mutu. Laminu yana son kai ta a duba idon, an ce ana cire yanar, ta ce za ta yi shawara. Da za ta shiga mota na sake cewa Zulai, ki yafe mini. Ta gyara lulluɓinta ta ce in gaida gida.

To haka muke. Ban sani ba ko zan ji kalmar nan daga bakinta kafin ɗayarmu ta riske ka. Shekara goma sha ɗaya na ci mata, da idonta, da sana'arta, ba ni da bakin cewa ta yi sauri. In ita ta riga ni zuwa, kada ka sa baki, kada ka ce za ka roƙa mini. Haƙƙinta ne, ta yi yadda ta ga dama da shi.

Kai kuwa, na zauna rubutun nan da niyyar ba zan yafe maka ɓoyon da ka yi ba. Har yanzu haushinka nake ji, kada ka yi tsammanin ya tafi. Amma wadda take tsaye a ƙofar wani tana jira, ba ta da ikon rufe tata. Na yafe maka. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe mana baki ɗaya, Ya sa kana cikin sauƙi inda kake.

Hannuna ya gaji, an kira la'asar. Ka huta lafiya.

Matarka,
Hajara, uwar Laminu